A bi waya tukuna kafin a ɗaure fankar mota kai tsaye

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da direbobi da masu motocin hawa, da kuma 'yan'uwana masu aikin wayarin mota, a kan fankar lagireto da yawan zafin inji. Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a Sakkwato da Maiduguri da Kano kan haura digiri 40, da wuya ka bi babban titi ba ka ga motar da aka ɗage wa bonet tana tururi ba, direba yana ta fasa ruwan leda. Akasarinsu tsofaffi ne 'yan Beljiyam da 'yan Kwatano: Golf 3, Peugeot 406, Vectra, Sharan, da tsofaffin Corolla da Accord waɗanda wayoyinsu suka haura shekara ashirin suna shan zafi da ƙura. Maganin da aka saba yi musu a gareji iri biyu ne: a cire tamostat (ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya ɗau zafi) a jefar, sannan a ɗaure fanka dairek ta riƙa juyawa tun daga murɗa makulli. A ganina babu gyara a cikin ko ɗaya. Lalurar da ta kawo zafin tana nan inda take, bakinta kawai aka rufe, alhali sau da yawa abin da ya lalace bai wuce fiyus ko rile (makunnin da ke sakar wa fanka wuta) ko wayar da tsatsa ta ci ba.

Kafin a taɓa sifana, tambayar da ya kamata a yi wa mai mota ita ce: a ina take yin zafin? Idan allurar zafi ta dashbod tana hawa a cikin cunkoso ko a tsaye inji yana silo, amma da an hau titi an kai gudun kilomita 60 sai ta sauko, to iska ce ba ta wadatar ba, kuma fanka ce abar zargi, domin a kan gudu iskar hanya ce ke yin aikin. Idan kuwa lafiya lau take a cikin gari, sai an kama hanyar Kaduna zuwa Zariya da kaya ko an fara hawan tudu take tafasa, a bar fanka ta huta. A nan lagireto ne ya toshe, ko famfon ruwa ba ya tura ruwa, ko tamostat bai buɗe sosai ba, ko gasket ya fara ƙonewa. Wadda take yin zafi a ko'ina cikin 'yan mintoci, yawanci ruwa ne babu, ko kuma ba ya zagayawa sam.

Akwai tarko guda da ke kama ko da ƙwararru. A motoci irin su Golf 3, makunnin zafin da ke tayar da fanka a jikin lagireto yake. Idan tamostat ya maƙale a rufe, ruwan zafi ba zai isa lagireto ba, makunni ba zai ji zafi ba, fanka kuma ba za ta tashi ba, ga inji yana dahuwa. Haka nan idan ruwa ya yi ƙasa, ko iska ta taru a inda makunnin yake bayan an canza tiyo. Mai gyara ya leƙa ya ga fanka a tsaye, sai ya kama canza ta, an bar jaki ana dukan taiki ke nan. Saboda haka da sanyin inji a fara duba ruwa a cikin lagireton kansa, idan yana da murfi, kada a tsaya ga robar gefe kawai. Bayan inji ya ɗumama a taɓa tiyon sama da na ƙasa da hankali. Idan allura ta wuce rabi amma lagireto da ɗaya tiyon suna nan da sanyinsu, ruwa ba ya wucewa, babu ruwan waya a ciki.

Idan ruwa ya cika, lagireto ya yi zafi ko'ina, fanka kuma ta ƙi tashi, to aiki ya zo hannun mai waya. Hanyar wutar fanka gajera ce, kuma kusan iri ɗaya ce a kowace mota. Akwai layin ƙarfi mai kaurin waya: daga kan batir zuwa fiyus mai amfiya 30 ko 40, zuwa rile, zuwa moton fanka, sannan ya koma jikin mota ta wayar negatif. Akwai kuma layin umarni mai siririyar waya wanda aikinsa ya ja rile, kuma makunnin zafi ne ko kwamfutar mota ke riƙe da shi. Duk binciken bai wuce a gano a wane layi wuta ta tsaya ba. Kayan aikin su ne fitilar gwaji, mita, da guntuwar waya mai kauri wadda aka sa wa fiyus a tsakiya. Wannan fiyus na tsakiya kada a raina shi, shi ne ke hana gwaji ya zama gobara. A kuma kiyaye yatsu da hannun riga, domin fankar wasu motoci, har da Golf 3, kan tashi ko da an zare makulli.

Gwaji mafi sauƙi shi ne a tayar da inji a kunna esi. A yawancin motoci, muddin akwai gas a cikin esin, fanka za ta tashi nan take ko bayan 'yan daƙiƙu. Idan ta tashi, an wanke moto da fiyus da babban ɓangaren waya, saura makunnin zafi da layinsa. Idan ba ta tashi ba sai a koma kan fiyus. Kallon ido ba ya isa, a sa fitilar gwaji a ƙafafunsa biyu, dole duka su kawo wuta. A Golf 3 fiyus na 19 ne a akwatin ƙarƙashin sitiyari, mai amfiya 30, kuma masu esi suna da wani ɗan akwatin sarrafa fanka a cikin bonet wanda ke ɗauke da fiyus na fallen ƙarfe. Irin wannan yakan tsage siriri yadda ido ba zai gani ba sai an taɓa shi. Fiyus kuma ba ya ƙonewa haka kawai. Idan an sa sabo ya sake tsinkewa nan take, waya ta goge tana taɓa jikin mota. Idan sai bayan minti biyu ko uku yake tsinkewa, moto ne ya yi nauyi yana jan wuta fiye da ƙima. Fankar ƙaramar mota mai lafiya takan ja amfiya 8 zuwa 15 a kan aiki, ta ninka haka na ɗan lokaci a farkon tashi. Wanda ya ɗaure gurbin fiyus da zaren waya ko takardar sigari, ya mai da wayar motar gaba ɗaya ita ce fiyus.

Daga nan sai moton kansa. A cire soket ɗinsa, a ba shi wuta kai tsaye daga batir da wayar gwajin nan, fozitif da negatif duka. Mai lafiya zai zabura da ƙarfi. Wanda ke tashi a sanyaye, ko sai an ƙwanƙwasa bayansa da ƙotar sukundireba, burushinsa na gawayi ya cinye. Irin wannan shi ne ke wahalar da mutane, yau ya yi aiki gobe ya ƙi, kuma a gaban mai gyara ne ya fi son yin aiki. Bayan an cire kan batir, a juya fuka-fukan da hannu. Idan suna da nauyi, ko suna gurza, ko suna rawa gaba da baya, boris ko bushin ya tafi. Ana iya sa sabon burushi idan jan ƙarfen da yake gogawa bai rame ba, amma moton da ya riga ya yi ƙaurin ƙuna gara a nemi wani. Duk wanda zai sayi na Beljiyam a Ƙofar Ruwa ko Panteka, ya sa a gwada masa a kan batir, ya bar shi ya yi minti biyar yana juyawa, sannan ya taɓa bayansa ya ji ko ya ɗau zafi.

Rile mai ƙafa huɗu ko biyar yana da lambobi a ƙasansa. A na motocin Turai, 30 ita ce wuta daga batir, 87 ita ce fita zuwa fanka, 85 da 86 kuma su ne naɗin da ke jan shi. Na Toyota sukan zo da 1 da 2 a matsayin naɗi, 3 da 5 a matsayin layin ƙarfi. Idan aka zare rile, ramin 30 dole ya kawo wuta. A haɗa ramin 30 da na 87 da wayar gwaji: idan fanka ta tashi, daga fiyus har moto lafiya lau, matsalar tana ga rilen ko ga abin da ke ba shi umarni. Naɗin rile mai kyau yakan nuna tsakanin om 60 zuwa 100 a mita. Sai dai ƙarar “ƙas” da yake yi ba shaidar lafiya ba ce. Bakinsa na ciki yana iya ƙonewa ya yi baƙi, ya riƙa ƙara amma ba ya wuce da wutar kirki. Ana iya aron na hon ko na fitila a gwada, da sharaɗin lambarsu da zanen da ke jikinsu iri ɗaya ne. A kuma leƙa ramukan da yake zama. Roba da ta narke ko ta canza launi alama ce cewa bakin ramin ya saki, kuma sabon rile ma zai ƙone a wurin idan ba a matse ko an canza bakin ba.

Inda na fi so 'yan'uwana su tsaya su natsu shi ne gwajin zubewar wuta, domin nan ne fitilar gwaji take yaudara. Fitila ƙaramar wuta take bukata, ko da silin waya ɗaya ya rage za ta kama. Mita ma za ta nuna bolt 12 a soket idan an cire moto. Amma da an ɗora nauyin fanka sai wutar ta zube a hanya. Don haka ana yin awon ne fanka tana haɗe tana aiki, inji yana tafiya. A sa baki ɗaya na mita a kan fozitif na batir, ɗayan a wayar fozitif ta bayan soket ɗin fanka. Abin da ya fito shi ne abin da ya ɓata a hanya, kuma bai kamata ya wuce rabin bolt ba. A maimaita tsakanin negatif na batir da negatif na fanka, nan kuma kada ya wuce bolt 0.2. Ga lissafin a fili: tsatsar da ta kawo turjiyar om 0.1 kacal, a kan amfiya 15, tana cinye bolt ɗaya da rabi, tana kuma haifar da zafin wat 22 a wuri guda, kwatankwacin ƙwan birki a kunne a cikin soket. Shi ke narkar da roba, shi ke sa fanka ta riƙa juyawa a gajiye, mai mota yana rantsuwa cewa fankarsa tana aiki. Wurin da aka fi samun wannan shi ne inda wayar negatif take ɗaure da noti a jikin mota, kusa da fitilar gaba ko ƙarƙashin mazaunin batir, inda ruwan batir ke ɗiga. A kwance, a goge da sanfefa har farin ƙarfe ya fito, a ɗaure tamau, a shafa ɗan giris a kai. Motar da aka taɓa yi wa gyaran gaba bayan haɗari, a duba ko mai fenti ya bi ta kan wurin, ko ma an manta ba a mayar da wayar ba. Yayin da ake nan a auna caji: batir cikakke bolt 12.6 ne a kashe, 13.8 zuwa 14.4 idan inji yana tafiya. Altanetar da ba ta kai haka a silo, ga fitilu ga esi, ita ma tana rage wa fanka gudu.

Layin umarni shi ne inda motoci suka sha bamban, kuma wanda ya yi wa kowace mota gwaji iri ɗaya zai yi ta sayen kayan da ba su lalace ba. A tsofaffin Honda, makunnin zafi a buɗe yake da sanyi, yana rufewa ne wajen digiri 93. Idan aka cire soket ɗinsa aka haɗa ramukan biyu, makulli a kunne, fanka za ta tashi. A tsofaffin Toyota na shekarun 1990 abin a juye yake: makunnin a rufe yake da sanyi, zafi ne ke buɗe shi, don haka cire soket kawai ya isa ya tayar da fanka. Rilen da ke aiki da shi ma na daban ne, shi ya sa idan aka cusa masa rile na gama-gari sai fanka ta riƙa yi da sanyi tana tsayawa da zafi. Golf 3 kuwa makunninsa ƙafa uku ne, mataki biyu. Na farko yana kamawa tsakanin digiri 92 da 97, na biyu tsakanin 99 da 105. A nemo ramin da ke da wuta da fitilar gwaji, a haɗa shi da na biyu a ji ƙaramin gudu, a haɗa shi da na uku a ji babba. Idan duka sun tashi amma motar ba ta tayar da fanka da kanta, makunnin ne ya mutu. Ana iya tabbatarwa ta hanyar tsoma ƙarshensa a tafasasshen ruwa ana auna shi da mita, amma matakin farko kaɗai za a iya gani haka, domin ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100, a Jos ma saboda tudu wajen 96 yake tafasa.

Maganar gudu biyu tana da muhimmanci, domin mutuwar ƙaramin gudu ita ce lalurar da ta fi ɓuya. Mota mai fanka ɗaya tana samun ƙaramin gudu ne ta hanyar rasista mai rage ƙarfin wuta, ko a jikin gidan fanka ko a cikin moton. Idan ya ƙone, fanka ba za ta tashi ba sai zafi ya kai matakin ƙarshe, sai ka ga allura ta hau sosai, fanka ta zabura da ƙara, allura ta sauko, a sake komawa. Esi kuma ya daina sanyi a cunkoso. Peugeot 406 mai fanka biyu, wadda muka saba da ita tun da an harhaɗa ta a Kaduna, dabararta daban ce, kuma Camry mai fanka biyu ma haka take: rile uku ne ke jera fankokin a layi ɗaya su raba bolt 12 a tsakaninsu don ƙaramin gudu, sannan su ba kowace cikakkiyar wuta don babban gudu. Ma'ana idan moto ɗaya ya mutu, ƙaramin gudu ya tafi ga duka biyun, sai a babban gudu ne ɗayar za ta juya ita kaɗai. A 406 rilen nan uku suna zaune ne a tsakanin fankokin, a gaban mota, inda ruwan sama da ruwan wanki da ƙura ke dukansu, kuma buɗe murfinsu kaɗai yakan nuna koren tsatsa a ƙafafu.

Motocin da kwamfuta ke tayar wa da fanka suna dogara ne da sensar zafin ruwa mai waya biyu. Turjiyarta tana raguwa idan zafi ya ƙaru: om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, wajen 1,200 a digiri 40, wajen 300 a digiri 80. Tsatsa a soket ɗinta tana ƙara turjiya, sai kwamfuta ta ɗauka inji bai yi zafi ba, ta jinkirta fanka. A yawancinsu idan aka zare soket ɗin inji yana tafiya, kwamfuta takan tayar da fanka don kariya, wanda ke nuna cewa rile da moto suna lafiya. A lura cewa motoci da dama suna da sensa daban mai kai wa allurar dashbod labari, saboda haka allura tana iya faɗin gaskiya kwamfuta tana jin ƙarya. Motocin Amurka daga 1996 da na fetur na Turai daga 2001 suna karɓar na'urar duba mota. Ita za ta nuna digirin da kwamfuta ke gani, ta kuma fito da lambobi irin P0480 na layin fanka ko P0115 zuwa P0118 na sensa.

Wani kuskuren da ake yi bayan an canza moto ko an yanke soket shi ne juya waya. Moton fanka yana juyawa baya idan aka musanya fozitif da negatif, sai ya riƙa tura iska gaba maimakon ya jawo ta cikin lagireto. A tsaye ba a cika ganewa ba, amma a kan hanya iskar fanka da ta titi sai su yi karo. A sa fallen takarda a gaban kwandensa, wato lagireton esi da ke gaban na ruwa: idan ya manne, daidai ne, idan ya faɗi, a juya waya. Gidan roba da ke kewaye da fanka shi ma kada a yar da shi don ya tsage, in babu shi fanka daga gefe take jan iska. Sannan a raba kwandensa da lagireto a leƙa tsakaninsu. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da fara da guntayen leda sukan yi kauri a wurin, daga waje kuwa ba a ganin komai. Da ruwa marar ƙarfi ake wankewa daga baya zuwa gaba, injin wankin mota mai matsi yana kwantar da siraran fuka-fukan. Masu Hiace da Hilux da wasu tsofaffin Mercedes waɗanda fambel ke juya fankarsu, nasu ba na waya ba ne: idan inji yana da zafi an kashe shi, fanka kuma tana juyawa sakaka da yatsa ɗaya, man da ke cikin kulocinta ya tsiyaye.

Yanzu ga abin da ɗaurin dairek yake jawowa. Yawanci daga wayar makulli ko ta kwayil ake jan wutar, siririyar wayar da ba a yi ta don amfiya 15 ba, kuma babu fiyus. Makullin sitiyari yakan fara zafi, ya narke daga ciki, wata rana mota ta mutu a tsakiyar titi ko hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin dashbod. Fankar da aka ƙera ta yi minti ɗaya ta huta, an sa ta aiki daga Kano har Maiduguri, burushinta zai ƙare da wuri, kuma ranar da ta tsaya direba ba zai sani ba domin ya saba ba ya sauraron tashinta. Tana kuma jan wuta a daidai lokacin da ake tayar da inji, lokacin da batir ya fi bukatar ƙarfinsa. Wanda ya ga lallai yana son makunnin hannu don ko-ta-kwana, akwai hanyar da ta dace: waya mai kaurin murabba'in milimita 4 daga batir, fiyus mai amfiya 30 a cikin taƙi ɗaya daga kan batir, rile mai amfiya 40, sannan makunnin ya zauna a layin umarni kusa da na asali, yadda mota za ta ci gaba da tayar da fankarta da kanta. Kowane haɗi a matse shi da kan waya ko a like shi da dalma a rufe. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif, a zafin bonet, ba ya kai damina biyu.

Cire tamostat kuwa ana kafa masa hujja da cewa na ƙasar sanyi ne. Ba haka ba ne, domin motocin da aka ƙera don ƙasashen Larabawa ma da shi suke zuwa. Yawanci yana fara buɗewa tsakanin digiri 78 da 92 gwargwadon mota, kuma da zarar ya buɗe ba ya hana sanyaya komai. In babu shi, inji yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, musamman da asuba a hunturu, kwamfuta ta yi ta ƙara fetur, fulogi su yi baƙi, fetur ya riƙa wanke bangon silinda yana gangarawa cikin baƙin mai. A injuna da yawa ma tamostat yana da faifai na biyu a ƙasansa wanda ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji. Idan aka cire shi, hanyar tana nan a buɗe, wani kaso na ruwan ba zai bi ta lagireto ba, sai motar ta fi yin zafi a doguwar tafiya. Gwajinsa a tukunya ne: a tsoma a ruwa a ɗora a wuta, ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya rufe idan ya huce.

Murfin lagireto ma yana cikin lissafi. Lambar da ke kansa, 0.9 ko 1.1 a motocin Japan, wajen 1.4 a yawancin na Turai, ita ce matsin da yake riƙewa, kuma matsin ne ke ɗaga tafasar ruwa zuwa wajen digiri 120. Murfin da robarsa ta tsage zai bar ruwa ya tafasa a 100, kafin ma mataki na biyu na fankar Golf ya gama kamawa. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin dutse a cikin bututun lagireto, ruwa zalla kuma yana cin fuka-fukan famfo da tsatsa. Ƙaramar mota lita 5 zuwa 7 take ci. Kulant mai kauri ana haɗa shi kashi ɗaya da ruwa mai tsabta kashi biyu, har zuwa rabi da rabi, wanda aka riga aka haɗa kuma ba a ƙara masa ruwa. A ɓoye shi daga yara da dabbobi, yana da zaƙi kuma guba ne. Garin barkono da ƙwai da ake zubawa don toshe yoyo, bututun lagireto suke fara toshewa.

Ga direban da allura ta hau masa a hanya: ya kashe esi, ya sauka gefe, ya kashe inji. Kada ya buɗe murfi sai bayan rabin sa'a, da tsumma mai kauri, a hankali. Kada ya kwara ruwan sanyi a kan injin, kan silinda na alminiyam yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. Idan zai ƙara ruwa, ya bari ya huce, ya tayar da inji, ya riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Motar da ta taɓa tafasa kuma, ko an gyara fanka a duba gasket kafin a sallame ta: kumfa da ke ta fitowa a bakin lagireto, tiyon sama da ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu da tayar da inji mai sanyi, farin hayaƙi a salansa, ko baƙin mai da ya koma ruwan madara. Idan an buɗe kan silinda a auna shi da miƙaƙƙen ƙarfe, lanƙwasar da ta wuce milimita 0.05 zuwa 0.1, gwargwadon injin, sai an kai shi an share.

Bayan kowane gyara, a cika ruwa, a fitar da iska ta ƙusoshin da aka tanada idan motar tana da su, kamar Peugeot, a rufe murfi, a bar inji a silo esi a kashe. A jira fanka ta tashi da kanta ta tsaya da kanta har sau biyu, ana kallon allura. Sannan a kunna esi da manyan fitilu a ƙara minti goma, a taɓa fiyus da rile da soket ɗin fanka. Ɗumi kaɗan ba komai, amma duk wanda ya yi zafin da yatsa ba zai iya zama a kai ba, akwai sauran sakakken haɗi a wurin, a sake buɗe shi.

Na gode da wannan fili da ka ba ni, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani mai aikin wayarin mota, daga Kaduna